Saƙon da Bai Shiga Wutar Rinten Ba

Duk wanda ya ce maka Nengah Rumpiag manomi ne, to bai taɓa bi ta gonarsa ba. Ɗan gwaggona ne, a tabarma ɗaya muka yi fitsarin kwance, saboda haka babu mai hana ni faɗa. Shinkafar da yake girbewa a shekara, in kaji biyu suka ɗaura niyya, kafin rana ta take sun ga bayanta. Ciyawar gonar kuwa, ɗan maraƙin maƙwabcinsa ya taɓa shigewa ciki, bai fito ba sai da ƙaho a kansa. Mutum ne dogo siriri kamar gora, da kunnuwa irin waɗanda in iska ta taso sai ya juya gefe don kada ta yi sama da shi. Abu biyu kaɗai alloli suka ba shi, amma sun cika masa mudu: murya, da hannun riƙe wuƙar rubutu.

Yana ɗan shekara ashirin ya fara zarya gidan Pekak Lodra, wato Kaka Lodra, tsohon da ya rage a ƙauyenmu na gabashin Bali mai iya rubuta lontar, littafin ganyen giginya. A nan ya koyi yadda ake dafa ganyen giginya a shanya a danne shi har ya miƙe, yadda ake tsaga harafi da bakin wuƙa ba tare da an huda ganyen ba, yadda ake goga ƙonanniyar ƙwayar itacen kemiri har baƙinta ya zauna cikin tsagar, sannan a zura zare a haɗe ganyen tsakanin katako biyu. Haruffan farko goma sha takwas ne, yaran makaranta a wata ɗaya suke haɗiye su. Rumpiag sai da ya shekara uku a kansu. Dalili kuwa, Pekak Lodra yana da 'ya, Rinten, wadda kullum take zaune a bakin madafa tana saƙa 'yan kwandunan hadaya, kuma daga inda ɗalibi ke zama ana hango ta sarai.

Gajera ce, bakinta ja wur da taunar ganyen sirih, harshenta ya fi wuƙar ubanta kaifi. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, in ka miƙa mata littafi kai ƙasa haka za ta riƙe. Amma tun tana goye take jin ubanta yana warware tsohon harshe, har ma'anar ta zauna mata kamar hanyar rijiya. Shi kuma Rumpiag ya iya karanta tsohon harshen tiryan-tiryan, sai dai rabin abin da ke fita daga bakinsa bai san me ake nufi da shi ba. Karatun lontar kuwa aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya rera layi ya yi shiru, ɗayan ya warware wa jama'a da harshen kasuwa. Da suka yi aure sai ƙauye ya samu cikakken malami guda, rabinsa dogo, rabinsa gajere.

Bayan sun haifi ɗansu Darsa, kowa ya koma kiransu Pan Darsa da Men Darsa, wato uban Darsa da uwar Darsa. Babu bikin aure ko na ɗakin ibada da za a yi ba a shimfiɗa musu tabarma ba, kuma littafi ɗaya jama'a ke nema: wata doguwar waƙa da kakan Rinten ya tsara, a kan wani sarki da ya kai kaguwa ƙara saboda ta ƙi tafiya miƙe a gabansa. Rumpiag ya ɗaga dogon wuyan nan ya ja layi har karnukan ƙetaren kwari su amsa. Rinten ta tofar da jan yawu, ta gyara zama.

"Ya ce, sarki ya ga kaguwa tana tafiya a karkace. Kamar dai wani mai kiwon agwagi da ke jingine da ginshiƙin can, in ya taso daga rumfar giya."

Wuri ya kece da dariya. Rumpiag ya sunkuya ya yi ƙasa da murya. "Men Darsa, babu mai agwagi a layin nan."

"Kai ka san abin da ke layin? Rera kawai, Bli." Haka take kiransa, wato Yaya.

Ainihin littafin da kakan ya rubuta, ƙwari sun cinye shi har kana hango mutum ta cikin ganyen. Lokacin idon Pekak Lodra ya yi rauni, sai ya ɗora wa surukinsa kwafewa. Shekara biyu Rumpiag ya yi a kai, ganye ɗari da talatin da shida, gaba da baya, gonar kuwa a shekarun nan ko agwagwa ba ta ci abin kirki a ciki ba. Da ya gama, aka kai tsohon wurin mangku, mai kula da ɗakin ibadarmu, ya yi masa addu'a ya cinna masa wuta, aka zuba tokar a rafi. Haka ake yi wa littafin da ya tsufa. Ba a jefa shi juji, ba a barinsa ya ruɓe, sallamarsa ake yi kamar mutum. Pekak Lodra ya ɗora sabon a tafin Rumpiag ya ce, "Naka ne. Jinin yatsanka ma yana ciki, na ga inda ka yanke."

Shekara arba'in da ɗaya suka yi suna yawo da shi. Sai wata damina Rinten ta kwanta da ciwon ƙirji. Aka kai ta asibiti aka dawo da ita, ta rame har awarwaronta yana wucewa gwiwar hannu. Ranar da ta daina karɓar sirih kowa ya san inda aka dosa. Rumpiag yana zaune yana mata fifita da murfin kwando, ta buɗe ido ta ƙare masa kallo.

"Bli, in na riga ka, ka turo min da kaguwar nan."

"Ke da ba ki iya karatu ba?"

"Can ba a rasa masu karatu. Bapana da ya haife ni yana can, kuma ya fi ka murya."

Ya yi dariya don ta ga ya yi. Kwana biyu bayan nan ta cika. Aka binne ta a maƙabartar ƙauye, kamar yadda ake yi wa talaka, ta jira ranar da gari zai tara mamatansa ya ƙona su a tare.

Jiran ya ɗauki shekara huɗu. A cikinsu Rumpiag bai sauko da akwatin littafin daga saman rumbu ba sai ranar da ake yi wa littattafai hadayar shekara, ya ɗora fure ya mayar. Babu wanda ya zo ya ce a rera masa kaguwa. A wurin biki yanzu waya ake jona wa lasifika, murya ta fito ta mutumin da babu wanda ya san uwarsa. Sannan yanar ido ta rufe masa gani, ta fara da idon dama ta ƙetara na hagu. An taɓa iske shi ya rusuna yana gaida bishiyar ayaba a zaton mai gari ne, kuma ya daɗe yana jiran amsa. Mun yi masa dariyar wannan wata uku, shi ma yana tayawa, amma dariyar tasa ba ta wuce haƙori.

Da aka tsai da ranar ƙona, mamata arba'in da uku, sai ya farfaɗo. Ya zo rumfar gari inda maza ke tsaga gora, ya lalubi wuri ya zauna, ya sanar cewa littafin kaguwa zai shiga wutar matarsa. Babu wanda ya ɗago kai. Wani yana aika wa mamacinsa da zane, wani da sandarsa, wani ma da gilashin idonsa. Mai agwagin nan, wanda ya tsufa yanzu, ya ce, "Aika mata. Ta je can ta zagi na can, mu mu huta."

Da a nan maganar ta tsaya, da ba ni da abin faɗa. Saura mako uku sai ga wata yarinya a kan babur, da jaka a baya. Sunanta Ariasih, ma'aikaciyar gwamnati ce da ke bi gida gida tana duba tsoffin lontar, ta goge su da man tsauri don ƙwari, ta rubuta sunayensu. Rumpiag ya so ta tun daga gaisuwa, don ta iya durƙuso, kuma da ya gwada ta da layi ɗaya ta karanta babu tuntuɓe. Ya sa aka sauko da akwatin. Ta buɗe da niyyar duba ganye biyu, sai ta zauna har kofin da aka dafa mata ya yi sanyi ƙudaje suka yi wanka a ciki.

"Pekak, wa kuma ke da irin wannan?"

"Babu. Na farkon ya shiga rafi tun uwarki ba ta san ubanki ba."

"Na duba gidaje sama da ɗari biyu, ban taɓa jin labarinsa ba. Dole a adana shi sosai."

"An kusa. Nan da kwana ashirin zai tafi inda ƙwari ba sa zuwa."

Da ta gane abin da yake nufi, sai ta ɗora tafukanta biyu a kan katakon kamar wutar ta riga ta iso. Ta yi magana a hankali, da ladabi, amma ba ta ja da baya ba. Ta ce mutumin da ya tsara waƙar nan ba don mutum ɗaya ya tsara ta ba. Ta ce in ganyen nan ya zama toka, kamar an sake kashe kakan ne, kuma wannan karon babu dawowa. Ta ce akwai yaran da ba a haifa ba tukuna da ke da rabo a ciki.

Rumpiag ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai. "Luh, jikata, shekara huɗu yana saman rumbun can. Masu rabon nan, ko ɗaya bai zo ya yi sallama ba."

"To bari in ɗauki hotonsa, Pekak. Yini biyu ya ishe ni. Sai ka ƙona abinka."

"In na ce zan aiko miki da kaza, na cire naman na ajiye, na miƙo miki gashin a leda, na aiko miki da kaza?"

"Ai ba haka ba ne. Rubutun yana nan a ganyen, babu abin da zai ragu."

"Ni na tsaga shi, Luh. Ni aka ba. Mutum ɗaya ta roƙe ni shi a duk duniya, na kuma ce mata to. Abin da aka tura an tura, ba a riƙe jelarsa."

Ta tafi idonta ya kawo ruwa, ta biya ta gidan mai gari. Kafin kwana biyu ƙauyen da ya shekara huɗu bai tuna da kaguwa ba ya rabu biyu a kanta. Wasu suka ce kayan mutum kayansa ne, ko cinye shi zai yi da barkono babu ruwan kowa. Wasu suka ce gadon gari ne, har da waɗanda in ka ba su ganyen za su kunna taba da shi. Mai gari kuwa, da ya ji an ce za a iya sa sunan ƙauyen a jarida, sai ya zama kamar shi ya haifi kakan.

A cikin wannan hayaniya Darsa ya iso daga kudu, inda yake tuƙa 'yan yawon buɗe ido. Ƙato ne, waya biyu, tumbi yana riga shi shiga ɗaki da kusan minti ɗaya. Ba mugun yaro ba ne. Shi dai kunya yake tsoro, yadda wasu ke tsoron maciji, kuma mai gari ya tare shi tun a bakin hanya ya cika masa kunne. Ya iske uban a tsakar gida yana ba zakaransa ruwa.

"Bapa, a bar littafin nan mana. Meme ta riga ta tafi, me za ta yi da ganye?"

"Kai me za ka yi da shi?"

"A ajiye."

"Ɗauko ka karanta min layin farko."

Darsa ya dubi wayarsa ta dama, ya dubi ta hagu. "Jikokinka fa, Bapa? Wata rana za su tambaya."

"Jikokina da ke gaishe ni da harshen baƙin motarka? In sun tambaya ka ce yana wurin kakarsu, su bi ta su karɓo."

Kwana uku suna haka. A na huɗu Darsa ya sauko, ya ce shi ke nan, yadda Bapa ya so haka za a yi. Har ya ce shi da kansa zai kai littafin wurin mangku a yayyafa masa ruwa mai tsarki a naɗe shi da farin ƙyalle tare da sauran kayan wuta, don kada tsoho ya wahala da hawan matakala. Rumpiag ya ji daɗi har ya ci shinkafa kwano biyu. Ya gaya wa duk wanda ya shigo cewa ashe yaron yana da hankali, tumbin ne ya ɓoye shi.

Saura kwana biyu aka tono mamatan. Rumpiag ya durƙusa a bakin ramin, aka riƙa miƙo masa ƙasusuwan yana wankewa da ruwan kwakwa. Ba su da yawa. Matar da muryarta ke cika rumfar gari, ga ta duka ta shige ƙyalle ɗaya kamar ƙullin wanki. Wata gwaggo da ke gefensa ta ce haƙoran har yanzu da jan sirih a jikinsu. Ya ce a ba shi ya taɓa. Ya daɗe yana shafawa da babban yatsa, babu wanda ya ce masa ya yi sauri.

Ranar ƙona rana ta fito da zafinta. Aka ɗauko akwatunan katako masu siffar zaki, samari suna juyi da su a mararraba, kiɗan tagulla yana tashi har ƙirjin mutum na amsawa. Rumpiag yana tafe a baya, Darsa riƙe da gwiwar hannunsa, farin ƙullin a rungume a ƙirjinsa. Ya ƙi ba kowa. A filin ƙona aka jera zakunan, aka buɗe bayansu, kowane gida ya sa ƙashin mamacinsa da kayan tafiyarsa. Aka sa Rinten, aka sa zanenta biyu da 'yar jakarta ta sirih. Saura littafi.

Abin da aka riga aka yayyafa wa ruwa aka naɗe, ba a kwance shi, kowa ya san wannan. Rumpiag ma bai kwance ba. Ya dai zura yatsa ɗaya ta gefen ƙyallen, ya ɗaga katakon kaɗan, don ya yi sallama da layin farko. Tun da idonsa ya tafi, da yatsa yake gane rubutunsa, don harafin lontar rami ne, ba tawada ba, kuma nasa hannun yana da nauyi, tsagarsa zurfi gare ta.

Ganyen sumul yake kamar goshin jariri.

Ya tura yatsan ƙasa ya taɓa na biyu, ya taɓa na tsakiya, ya taɓa na ƙarshe. Ya kai ƙullin hancinsa. Katakon nasa ne, ya san tsagewar da ke kusurwarsa. Amma babu ƙanshin kemiri, babu na hayaƙin rumbu, sai ƙanshin sabon ganye irin wanda ake zana wa baƙi hoto a kai a shagunan bakin titi.

"Darsa."

"Bapa."

"Ina rubutun?"

Mai riƙe da murfin zakin ya waiwayo. Darsa ya matso bakinsa kusa da babban kunnen nan. "Yana birni, Bapa. Lafiyarsa lau. Na ba yarinyar nan, na ce mata ka yarda. A gilashi za a sa shi, da sunanka a ƙasa."

"Da sunana."

"Ka sa wannan ɗin, Bapa, mutane suna kallo. Tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Meme ba ta iya karatu ba, ba za ta gane ba."

Rumpiag ya juyo da fararen idanunsa wajen ɗan. "Shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa tsallake kalma ɗaya ba ta kama ni ba."

Birni tafiyar awa biyu ce, dawowa awa biyu. Sa'ar da aka zaɓa wa wuta ta riga ta shiga, ga gidaje arba'in da biyu tsaye a rana da nasu mamatan. Mangku ya zo ya tsaya kusa, bai san me ake ciki ba, ya ce, "Pan Darsa, lokaci." Rumpiag ya miƙa ƙullin wajen bayan zakin, hannunsa ya tsaya a sama. Can ya janye shi ya mayar ƙirjinsa. Ya ce ba zai aika mata da ƙarya ba, gara ta je hannu sake ta zage shi, ya san dai ta san dalili. Aka rufe murfin.

Yanzu ba a tsayawa hura itace, bututun gas ake karawa, wutar ta fito da gurnani kamar injin niƙa. Da zakin Rinten ya kama, Rumpiag ya matsa har zafin ya fara lanƙwasa masa gashin gira. Ya ɗaga wuya ya ja layin farko daga ka, muryar tana nan yadda take, sai 'yar rawa a ƙarshe. Ya kai ƙarshen layin ya yi shiru, don bakinsa bai san wata hanyar karatu ba. Wuta ta ci gaba da gurnaninta. Ya ja na biyu, ya sake tsayawa, kansa a karkace gefen hagu inda take zama. Mai agwagi yana nan tsaye, ya buɗe baki kamar zai karɓa, sai ya tuna shi ma bai san ma'anar ba. Layi na uku bai fito ba. Kafin faɗuwar rana an niƙa tokar an zuba a ƙoƙon kwakwa, an kai teku.

Labari a ƙauyenmu ba ya buƙatar babur, amma sai da ya kwana tara kafin ya iske Ariasih, ta bakin wata mai sayar da kofi. A ranar ta taso da hantsi. Ta shigo gidan ba ta ko cire hular kwano ba, ta durƙusa a gaban Rumpiag, ta ɗora masa ganyen a cinya, a ɗaure da sabon zare. Darsa yana bakin madafa, ya miƙe ya rasa inda zai sa tumbinsa.

"Pekak, ce min aka yi ka amince. Da na sani ko taɓawa ba zan yi ba. Sai jiya na samu fara ɗaukar hoto, ganye tara, na goge hotunan a hanya. Ga wayar, a ba wani ya duba."

Rumpiag bai nemi wayar ba. Yatsunsa sun riga sun hau kan layin.

"Har yanzu ina ganin kuskure ne a ƙona shi," in ji ta. "Ba zan ɓoye maka ba. Amma naka ne."

"Kin sha hanya, Luh. A ba ta kofi."

A madafa wuta tana ci ƙarƙashin tukunyar shinkafa, taku biyar daga inda yake zaune. Duk wanda ke tsakar gidan ya dubi wutar, ya dubi tsohon. Shi kuwa ya sa aka kira mangku, ya tambaye shi ko in an ƙona yanzu da addu'a zai cim mata. Mangku ya daɗe yana murza gemunsa, wanda gashinsa bai wuce bakwai ba. Ya ce, "Tokarta ta shiga teku, Pan Darsa, ƙofar ta rufe. In ka ƙona shi yau, sallamarsa ka yi kawai, ba aikawa ba. Sai dai ya jira taka wutar, ka tafi mata da shi a hannu."

Rumpiag ya gyaɗa kai. Ya gane lissafin tun kafin mangku ya rufe baki. Ranar tasa wutar, shi ƙashi ne a ƙyalle, ba shi da yatsan da zai zura ta gefe. Wanda zai riƙe ƙullin ranar kuwa, ga shi can tsaye a bakin madafa da waya biyu.

Tun daga ranar littafin bai koma saman rumbu ba. Ya mayar da ganyen cikin tsohon katakonsa, ya ɗinka masa jaka, ya rataya a wuya. Da shi yake zuwa rafi wanka, ya ɗora shi a kai kamar gammo. Da shi yake zagawa bayan gida. Zakaran ma ya sayar, don ba shi da hannun da zai ɗauke shi. Mutane suna cewa in ka hango shi daga nesa kamar bijimi ne da ƙararrawa, ni ma na gaya masa haka, bai yi dariya ba, bai kuma zage ni ba, wanda ya fi min ciwo. Kowace safiya, kafin ya sha kofi, zai zauna a dakali ya kwance zaren ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, gaba da baya, har ɗari da talatin da shida. Ba rerawa yake ba. Dubawa yake ko suna nan.

Darsa yana zuwa duk wata yanzu, da magani da biskit. Zuwansa na baya ya iske shi a kan wannan aiki, ya tsuguna a ƙasan dakalin da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Bapa, na rantse da ɗakin ibadar kakanninmu. In ranar ta zo, da hannuna zan sa maka shi. Na gaskiyar. Ko mai gari zai mutu."

"Na ji."

"Ba ka yarda ba ne?"

"Na ce na ji, Darsa. Ɗan matsa baya, ka yi kusa da yawa."

Darsa ya ja baya. Tsohon ya ɗaga ganye na sittin da biyu, ya ɗora yatsa a farkon layi.